Noman Furen Ranankulas a Lambun Gida

Gabatarwa

Ranankulas fure ne mai ganyen fure sirara da yawa a naɗe kamar na wardi, kuma yana zuwa da launi iri-iri: fari, ja, rawaya, ruwan lemo da ruwan hoda. Masana kimiyyar tsirrai suna kiran nau'in da ake nomawa Ranunculus asiaticus. Asalinsa daga ƙasashen gabashin tekun Bahar Rum ne, kamar Turkiyya, Siriya da tsibirin Kubrus, har zuwa Iran. A yau ana noma shi don sayarwa a Italiya, Holan, Japan da jihar Kaliforniya ta Amurka.

A can inda ya fito, yana tsirowa ne a lokacin sanyi, ya yi fure, sannan ya bushe ya kwanta a ƙasa idan zafi ya shigo. Wannan hali bai canja ba ko'ina aka kai shi. Saboda haka nasarar nomansa a Nijeriya ta rataya ne a kan wuri da lokaci. Irinsa na da tsada domin daga waje ake kawo shi, kuma wanda ya shuka a inda bai dace ba zai yi asarar kuɗinsa komai kyawun kulawarsa.

Wuraren da suka dace

Furen yana son sanyin dare na digiri 5 zuwa 10 a ma'aunin Salshiyos, da rana kuma digiri 15 zuwa 20. Idan zafi ya zarce digiri 25 na kwanaki a jere, sai ya daina yin toho, ganye ya koma rawaya.

Wannan ya nuna cewa tuddai ne kawai za a iya sa rai da su. Tsaunin Mambila a jihar Taraba, mai tsayin kimanin mita 1,600, shi ya fi kusa da abin da furen ke bukata. Tudun Jos, mai kimanin mita 1,200, yana da sanyin dare a lokacin hunturu, amma rana takan yi zafi, don haka sai an haɗa da inuwa. A wurare irin su Kano, Sakkwato, Abuja da Ibadan, zafin rana ya fi ƙarfinsa ko da a cikin hunturu. Ya kamata malaman gona su faɗa wa manoman waɗannan wurare gaskiya, su ba su shawarar furannin da ke jure zafi. Ko a kan tudu ma, a fara da saiwa 20 zuwa 30 a shekarar farko don gwaji.

Samun iri

Ana shuka shi ne da busasshiyar saiwa, mai yatsu-yatsu kamar ƙafar ɗan tsako. Manyan saiwoyi sun fi ba da fure. A zaɓi masu tauri, marasa fumfuna. Wanda zai shigo da iri daga waje ya nemi izini daga Hukumar Killace Kayan Gona ta Nijeriya, domin kare amfanin gonarmu daga baƙin cututtuka.

Lokacin shuka

Daga shuka zuwa fure kimanin kwana 90 ne, sannan ya ci gaba da fure na mako 4 zuwa 6. A yi shuka da zarar ruwan sama ya ɗauke, daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, domin a sami fure a watan Fabrairu. Wanda ya jinkirta zuwa Janairu, zafin Maris zai riski shukarsa kafin ta yi toho.

Gyaran wuri

A zaɓi wurin da ke samun hasken safe, ya shiga inuwa daga azahar. Idan babu, a yi rumfa da zana ko raga. Ƙasa ta kasance jigawa mai laushi wadda ba ta riƙe ruwa. A guji laka da fadama. A tada kunya mai faɗin mita 1 da tsayin santimita 20, a gauraya ta da takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Mai shuka a tukunya ya tabbata ya huda gindinta.

Jiƙa iri da shuka

1. A jiƙa saiwar a ruwa mai tsabta marar ɗumi na awa 3 zuwa 4, ana sauya ruwan kowace awa. Za ta kumbura. Kada a bar ta ta kwana a ruwa, domin za ta ruɓe.
2. A jera ta a faranti mai ƙasa mai ɗan laima, a rufe da ƙasa kaɗan, a ajiye a wuri mai duhu da sanyi na kwana 10 zuwa 14, har fararen jijiyoyi su fito. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani tana taimakawa wajen rage zafi. A zubar da duk wadda ta yi laushi.
3. A shuka da yamma, yatsun suna kallon ƙasa, zurfin santimita 5, tazara santimita 15 zuwa 20.
4. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kan kunyar don ƙasa ta yi sanyi.

Ban ruwa da taki

A yi ban ruwa sau ɗaya bayan shuka, sannan a sassauta har tsiro ya bayyana. Yawan ruwa a wannan lokaci shi ne babban abin da ke kashe iri. Bayan ganye ya fito, a riƙa ba da ruwa da safe a gindin shuka duk lokacin da saman ƙasa ya bushe, domin iskar hunturu tana saurin busar da ita. A zuba takin zamani NPK 15-15-15 kimanin babban cokali 2 a kowace murabba'in mita bayan ganye ya yi huɗu ko biyar, nesa da gindi kaɗan. Yawan takin yuriya yana kawo ganye ba fure ba.

Ƙwari da cututtuka

Darɓa takan taru a kan toho da sabon ganye. A wanke ta da ruwan sabulu marar ƙarfi ko ruwan ƙwallon darbejiya. Idan aka ga farar hoda a kan ganye, cutar fumfuna ce. A cire ganyen, a rage cunkoso don iska ta ratsa. Shukar da ta yanƙwane alhali ƙasa na da laima, saiwarta ce ta ruɓe. A tuge ta a ƙona.

Gargaɗi: ɗanyen ganye da ruwan jikin wannan shuka suna da guba. Suna sa ƙaiƙayi a fata, suna kawo gyambon baki da zawo ga dabba. A killace lambun daga awaki da tumaki, a hana yara wasa da shi, a kuma wanke hannu bayan aiki.

Yanka fure

A yanka da sassafe, lokacin da toho ya nuna launi ya yi laushi amma bai buɗe duka ba. A yanka daga gindin kara da wuƙa mai kaifi, a tsoma nan take cikin ruwa mai sanyi. Furen da aka yanka haka yakan kai kwana 7 zuwa 10 idan ana sauya masa ruwa. Yawan yanka yana ƙara sabon toho.

Adana iri

Idan zafi ya shigo ganye ya koma rawaya, a daina ban ruwa. Bayan ya bushe, a tono saiwar kafin ruwan farko ya sauka, a kakkaɓe ƙasa, a shanya a inuwa. A zuba a jakar takarda, ba leda ba, a rataye a wuri busasshe mai iska inda ɓera ba zai kai ba. Saiwar da aka bari a ƙasa cikin damina ruɓewa take yi.

Ana shawartar malaman gona su sa manomi ya rubuta ranar shuka, ranar fure na farko da ranar da ganye ya fara rawaya. Da wannan lissafi ne zai gyara lokacin shukarsa a shekara mai zuwa.