Inda Ya Kamata A Ajiye Fayilolin Zubi A Cikin LaTeX

Tun daga shekarar 1978 da Donald Knuth ya fito da TeX, Leslie Lamport kuma ya gina LaTeX a kansa a cikin shekarun 1980, masana suka sami hanyar shirya kundi da kansu ba tare da sun jira ɗan ɗab'i ba. Asalin dabarar kuwa ita ce a raba magana da siffarta. Marubuci ya rubuta abin da zai ce, wani fayil dabam kuma, wanda a nan za mu kira zubi, shi ke yanke faɗin gefen shafi, da girman harafi, da yadda kanun babi za su zauna. Ga mu masu rubutun Hausa, a cikin zubin nan ne akan zaɓi irin haruffan da ke da ɓ da ɗ da ƙ. In zubi ya ɓata, ƙugiyoyin nan na iya ɓata tare da shi.

To, ina za a ajiye shi? Manyan wurare huɗu ne TeX Live ke dubawa, bi da bi. Da fari yakan duba jakar da kundin kansa yake ciki. In bai samu ba, sai ya tafi jakar mai kwamfuta, wadda ake kira TEXMFHOME. Daga nan sai ta jama'a, watau TEXMFLOCAL. Daga ƙarshe sai babbar taska wadda ta zo tare da manhajar. Wanda ya fara cin karo da shi, shi zai ɗauka, ba ya ƙara duba gaba.

Ajiye zubi kusa da kundi shi ya fi sauƙi, amma fa in kundi goma ne, zubi ya zama goma ke nan, kuma ranar da aka gyara ɗaya sauran tara sun tsufa. Babbar taska kuwa ba wurin ajiya ba ce, domin kowace shekara sabon TeX Live yakan sauka a jaka mai lambar shekararsa, ba ya kuwa duba abin da aka cusa a tsohuwar. Saboda haka malami ɗaya sai ya yi amfani da TEXMFHOME. A Linux jaka ce mai suna texmf a cikin gidan mai kwamfuta, a Mac kuwa tana ƙarƙashin Library. Wanda ya yi shakka sai ya buga kpsewhich -var-value TEXMFHOME, za a nuna masa. Lalle ne a buɗe jaka mai suna tex a ciki, a cikinta a buɗe latex, sa'an nan a zuba zubin. In an yar da shi a bakin ƙofa, ba za a gan shi ba.

Sashen da ke da kwamfuta ɗaya ta malamai da ɗalibai, TEXMFLOCAL ya dace da shi, don tana waje da jakar shekara. Sai dai a nan manhajar ba ta bincike da kanta, wani jerin sunaye mai suna ls-R take karantawa. Duk sa'ad da aka ƙara fayil, sai a buga mktexlsr don a sabunta jerin.

Babban haɗari shi ne fayiloli biyu masu suna ɗaya. Sashe ya gyara zubinsa, ɗalibi kuwa yana da tsohon a jakarsa, tsohon ne zai rinjaya, ba kuwa wani gargaɗi da zai fito. Sai kundi ya isa hannun masu jarrabawa a ga gefen shafi bai cika ƙa'ida ba. Maganin abin shi ne a buga kpsewhich tare da sunan fayil ɗin, a ga wanda ake ɗauka. Ya kamata kuma kowane sashe ya ɗora wa mutum ɗaya alhakin zubinsa, ya riƙa rubuta ranar gyara a kansa.