Tashe ko dace: Shin nasara a jere gaskiya ce a wasanni da caca?

A kowace fada ta matasa, daga Yamai zuwa Maradi da Damagaram, ba a rasa wanda ake cewa hannunsa da sa'a. Ya ci cacar ƙwallo ranar Asabar, ya sake ci ranar Lahadi, ranar Laraba ma tikitinsa ya fita. Daga nan sai abokai su fara leƙa salularsa suna kwafar ƙungiyoyin da ya zaɓa, shi kuma ya ninka kuɗin da yake zubawa, don a ganinsa lokacinsa ne. Wani lokaci kuɗin cefane ne, wani lokaci cinikin kabu-kabu na yini guda, wani lokaci ma bashi ne. Shin akwai abin da ake kira tashe a irin wannan harka, ko dace ne kawai? Masana lissafi sun kusa shekara 40 suna jayayya a kan tambayar, kuma amsar da suka samu ta rabu gida biyu: ɗaya ta filin wasa, ɗaya ta teburin caca.

Kuɗi ba shi da tunani

Ɗauki ƴar dala ashirin. Gefe ɗaya akwai hoton kifin nan na bankin BCEAO, ɗaya gefen kuma lamba. Idan ka wurga ta sama, damar ta faɗo ta gefen kifi rabi ce. Ko da kifi ya fito sau biyar a jere, damar fitowarsa a wurgi na shida tana nan rabi, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Ƙarfen bai san abin da ya faru a baya ba.

Abin da ke rikita mutane shi ne, jerin irin wannan ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Idan aka wurga kuɗin sau 100, damar a samu wani wuri da gefe ɗaya ya fito sau biyar a jere ta haura kashi 95 cikin 100. Idan kuma aka tara mutum 1024, kowa ya wurga sau goma, a lissafi ana sa ran mutum ɗaya ya samu kifi sau goma ba kuskure. Mutumin nan bai fi sauran iya wurgi ba. Amma labarinsa ne zai zagaye unguwa, sauran 1023 kuwa ba mai tuna su. Haka abin yake a cacar ƙwallo: cikin dubban masu yankar tikiti kowane mako, dole a samu wasu da za su ci sau uku ko huɗu a jere, kuma su ne ake nunawa.

Kuskuren yana da fuska ta biyu, wato tunanin cewa abin da ya daɗe bai fito ba, fitowarsa ta kusa. Ranar 18 ga Agustan 1913, a gidan caca na Monte Carlo da ke Monako, ƙwallon rulet ya faɗa gurbin baƙi sau 26 a jere. Tun kafin a kai nan mutane suka yi ta zuba kuɗi a kan ja, suna cewa ai yanzu dole ja ya fito, aka yi asarar miliyoyi a dare ɗaya. A Italiya ma lamba 53 ta ƙi fita a lotariyar birnin Venis tun daga 2003 har zuwa Fabrairun 2005, iyalai da dama suka karye wajen bin ta. A Bulgeriya kuwa, a watan Satumban 2009, lambobi shida iri ɗaya suka fito a zagaye biyu a jere. Hukuma ta yi bincike, ba ta gano maguɗi ba. Na'urar ba ta bin kowa bashi, ba kuma wanda ke bin ta.

A fili, ƙwarewa ce ke gaba

Filin wasa daban ne, don a can mutum ne ke aiki da jikinsa. Mu duba kokowar gargajiya. Tun gasar farko da aka yi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maradi ya lashe, tsarin neman takobi ɗaya ne: wanda ya faɗi ya fita daga sahun masu nema. Yau jihohi takwas ne ke kawo ƴan kokowa goma-goma, wato mutum 80. Ko da a ce dukkansu ƙarfinsu ɗaya, dole ne a ƙarshe a samu wanda ya kai ranar rufewa bai faɗi ba. Don haka tsayuwar mutum ta gasa ɗaya ba ta isa hujja ba. Amma Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ya kai ga takobinsa na shida a gasar Agadas ta ƙarshen 2023. Wannan ya wuce dace. Ƙarfi ne da dabara da horo, ko da masu kallo za su ci gaba da muhawara a kan layu da ƙulle-ƙullen da ake shiga fili da su.

Haka yake a ƙwallon ƙafa. ASEC Mimosas ta Abijan ta buga wasa 108 na gasar ƙasarta ba a doke ta ba, daga 1989 zuwa 1994. Arsenal ta yi wasa 49 a gasar Ingila tsakanin 2003 da 2004. Waɗannan ƙungiyoyi sun fi abokan karawarsu ne a lokacin, shi ya sa suka yi ta ci. Tambayar masana ta fi wannan ƙanƙanta: shin nasarar jiya da kanta tana ƙara damar nasarar yau, bayan an cire ƙwarewar da mutum yake da ita tun asali?

Binciken 1985 da gyaran da aka yi masa

A 1985 wasu masana halayyar ɗan Adam uku a Amurka, Thomas Gilovich da Robert Vallone da Amos Tversky, suka auna abin a ƙwallon kwando, inda ƴan wasa da masu kallo suka yi imani cewa hannun ɗan wasa yakan yi zafi. Sun duba jefe-jefen ƙungiyar Philadelphia 76ers, sannan suka sa ƴan wasa 26 na jami'ar Cornell su yi jifa kusan sau 100 kowannensu. Suka ce ba su ga bambanci ba tsakanin jifan da ya biyo bayan ci a jere da wanda ya biyo bayan kuskure a jere. Shekara da shekaru ana koyar da wannan a jami'o'i a matsayin shaida cewa zafin hannu ruɗin ido ne.

Sai wasu masana tattalin arziki biyu, Joshua Miller da Adam Sanjurjo, suka gano ɓoyayyen kuskure a hanyar ƙidayar, aikin da aka wallafa a 2018. Kowa zai iya gwadawa. Wurga kuɗi sau huɗu, ka duba wurgin da ya biyo bayan kowane kifi, ka rubuta kashi nawa daga cikinsu kifi ne. Maimaita sau da yawa, ka haɗa matsakaici. Za ka zaci rabi zai fito, amma wajen kashi 40 cikin 100 ne ke fitowa. Wato irin wannan ƙidaya tana danne sakamakon ƙasa tun daga farko. Saboda haka ɗan wasan da aka auna aka ga bai sauka ba bayan ci a jere, a gaskiya ya ɗan hau ne. Da suka gyara lissafin a kan jefe-jefen Cornell, sai suka ga bambancin ya haura kashi 10 cikin 100.

Ke nan tashe a wasa gaskiya ne, amma ba kowane ɗan wasa ke samunsa ba, kuma bai kai girman da masu kallo ke ba shi ba. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne: natsuwa, sakin jiki, hannu ya saba da tazara. A wasan gaske kuma yana da maƙiyi, don da zarar an ga mutum yana ci sai a tsananta tsaronsa, shi ma ya fara gwada jifa mai wuya.

Mai tikiti ba shi ke buga wasan ba

A nan ne mai caca yake ruɗuwa. Ya ga ƙungiya tana tashe, kuma gaskiya ne tana tashe. Sai dai kamfanin cacar ma ya gani, ya kuma riga ya rage kuɗin da zai biya a kanta, wato abin da ƴan caca ke kira kot. Bayan haka yana cire rabonsa. A ce wasa ne da damar ɓangarorin biyu daidai take, kamfani ya sa 1,90 a kowane gefe. Mutum biyu suka zuba jika-jika, ɗaya nan, ɗaya can. Kamfani ya karɓi jika biyu, ya biya wanda ya ci 1900, dala ashirin ta zauna a aljihunsa ko wa ya yi nasara.

Tikitin da ake haɗa wasanni da yawa ya fi muni. Ko da kowane wasa cikin goma yana da damar fita kashi 70 cikin 100, damar su fita gaba ɗaya ba ta kai 3 cikin 100 ba. Rabon kamfani kuma yana taruwa wasa bayan wasa: idan kashi 5 ne a kowanne, a wasa goma ya kai wajen kashi 40, wato dala tamanin cikin kowace jika. Masu cacar dawakin PMU su ma ba dukkan abin da suka zuba ake raba musu ba, ana cire kaso kafin rabo.

To me ya sa wasu masu caca ke ganin ci yana jawo ci? A 2014 masu bincike biyu a Landan, Juemin Xu da Nigel Harvey, sun duba caca sama da dubu 500 da aka yi ta intanet. Sun tarar cewa wanda ya ci a jere ya fi sake ci, amma dalilin shi ne yakan ji tsoron sa'arsa ta kusa ƙarewa, sai ya koma zaɓar wasanni masu sauƙi, masu ƙaramar riba. Wanda ya faɗi a jere kuwa yakan koma kan masu haɗari don ya fanshe, sai ya ƙara nutsewa. Hannu bai yi zafi ba, zaɓi ne ya canza.

Dabarar ninka kuɗi bayan kowace faɗuwa ita ma nan take ƙarewa. Wanda ya fara da dala ɗari yana ninkawa, idan ya faɗi sau goma a jere ya rasa sefa 511.500, duk a garin neman ribar dala ɗari. Garin neman gira an rasa ido.

Tambaya ɗaya kafin a zuba kuɗi

Hukuncin caca a addini sananne ne, malamai ba su bar shi a duhu ba. Ta fuskar lissafi kuwa, duk wanda aka nuna masa nasara a jere zai iya tambayar kansa: akwai hanyar da nasarar jiya za ta taɓa ta yau? A filin kokowa akwai, ta jikin ɗan kokowa da zuciyarsa da tsoron da ya shiga abokin karawarsa. A lotariya da rulet da tikitin salula babu. Wanda ke tantama ya samu littafi ya rubuta duk abin da ya zuba da duk abin da ya karɓa na tsawon wata uku, ba tare da tsallake ranar asara ba, sannan ya haɗa jimilla ya gani.