Ƙaramin injiniya da ma'aunin hayaƙin mota

Matashin da ya gama digirin injiniya ya shiga kamfanin ƙera motoci, da wuya a miƙa masa zanen sabuwar mota. Sashen gwaji ake yawan tura shi. Can zai yini yana liƙa na'urorin auna zafi da girgiza a jikin inji, yana ɗora mota kan rolar da ke juya tayoyi alhali motar na tsaye, yana rubuta lambobi. Wasu su tafi Arjeplog a arewacin Suwidin, inda ake gwada birki a kan tafkunan da suka daskare.

Mutane da yawa na raina wannan aiki, suna ganinsa aikin yaron shago. Ni kuwa ina ganin nan ne amanar masana'antar take.

A 2013, wata ƙaramar tawaga daga Jami'ar West Virginia ta Amurka, ciki har da ɗaliban da ke karatun digiri na gaba, ta ɗaura na'urar auna hayaƙi a bayan motoci uku masu amfani da dizal: Jetta da Passat na Volkswagen, da BMW X5. Ba a ɗakin gwaji suka auna ba, kan titi suka hau, har suka kai Passat ɗin daga Los Angeles zuwa Seattle suka dawo. BMW ta yi kusan yadda aka zata. Jetta kuwa tana fitar da iskar naitirojin oksaid, mai lahani ga huhu, ninki 15 zuwa 35 na abin da doka ta yarda.

Lambobi irin waɗannan, mai son zaman lafiya zai ce na'urarsa ce ta lalace. Su sai suka sake dubawa, suka rubuta abin da suka gani, rahoton ya fito a 2014.

Ashe an dasa wa motocin Volkswagen ɗin manhaja mai gane lokacin gwaji. Idan tayoyi na juyawa sitiyari bai motsa ba, sai ta kunna tace hayaƙi sosai. Da an hau titi ta sassauta. A Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona asirin, kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa, shugabansa Martin Winterkorn ya sauka. A 2017 kotu a Amurka ta yanke wa James Liang, ɗaya daga cikin injiniyoyin da suka yi aikin manhajar, ɗaurin wata 40.