Haƙorin Da Ya Ji Rauni: Yaushe Ake Sa Masa Waya?

'Yan'uwa manoma, raunin haƙori ba baƙon abu ba ne a ƙauyukanmu. Yaro yakan faɗo daga bishiyar mangwaro, ko jaki ya harbe shi, ko ya kife da keke a hanyar gona. Haƙoran gaba na sama ne suka fi shan wahala, musamman ga yara masu shekara 8 zuwa 12. Yaron da haƙoransa suka turo gaba kuwa, haɗarinsa ya kai kusan ninki biyu na sauran yara.

A manyan asibitoci ana gyara irin waɗannan haƙora da waya. Likita yakan manna ƙananan ƙarafa a jikinsu, ya ɗaura siririyar waya, ta riƙa jan su sannu a hankali har su daidaita. Amma in haƙori ya ji rauni, aikin kashi biyu ne: akwai lokacin hanzari, akwai kuma lokacin haƙuri.

Lokacin hanzari

In haƙorin da ya fito bayan famfara ya tuge gaba ɗaya, ga abin da za mu yi:

1. Mu ɗauke shi ta kansa, kada mu taɓa saiwar.
2. In ya yi ƙasa, mu ɗauraye shi kaɗan da madara, ban da gogewa.
3. Mu mai da shi raminsa nan take, yaro ya ciji tsumma mai tsabta.
4. In hakan bai yiwu ba, mu saka shi cikin madara, ba nono mai tsami ba, ko cikin miyan yaron a ɗan kofi, mu nufi asibiti.

In saiwa ta bushe fiye da minti 60, da wuya haƙorin ya kama yadda ya kamata. Haƙorin ƙaramin yaro da bai yi famfara ba kuwa, ba a mai da shi, don kada ya ɓata wanda ke tsirowa a ƙarƙashi. A asibiti za a ɗaure haƙorin da maƙwabtansa wajen mako 2, a kuma duba ko yaron yana bukatar allurar tetanus.

Don me ake jira?

Ba a kafe haƙori yake cikin ƙashi kamar ƙusa ba. Waɗansu siraran jijiyoyi ne ke riƙe da saiwarsa. In waya ta ja shi, ƙashin gefe guda yakan narke kaɗan, na ɗaya gefen ya ƙaru, da haka haƙori ke matsawa. In jijiyoyin ba su warke ba, saiwar kanta ce za ta soma narkewa, haƙori ya yi girgiɗi, a ƙarshe ya faɗi. Dukanmu mun san dashe. Ba mai tanƙwara itacen da aka dasa jiya sai ya kama ƙasa.

Tsawon jira

Ga abin da likitocin haƙori suka saba bi kafin su sa waya:

Haƙorin da bakinsa ya ɓalle, ko ya bugu ya yi ɗan girgiɗi: wata 3.
Wanda ya goce ƙwarai daga wurinsa, ko ya tuge aka mai da shi: wata 6 zuwa shekara 1.
Wanda saiwarsa ta karye: shekara 1 zuwa 2.

Haƙorin da ya nutse cikin dasashi hukuncinsa dabam ne. Ga yaron da saiwarsa ba ta gama girma ba, likita yakan jira mako 4, in bai fito da kansa ba ya jawo shi da waya. In kuma yaro yana da waya a baki ya ji rauni, sai a koma wurin likita maza ya sassauta ta.

Cikin watannin jira za a riƙa ɗaukar hoton saiwar. Mu kuma a gida mu sa ido. In haƙori ya soma yin duhu, ko dasashi ya kumbura, ko ƙurji ya fito a kansa, kada mu tsaya jiran ranar da aka ba mu.

Aikin ƙungiya

Ana samun likitocin wannan aiki a asibitocin koyarwa, kamar na Jos da Zariya da Kano, kuma tafiyar ba sau ɗaya ba ce. Yana da kyau kowace ƙungiya ta ware ɗan abu a asusunta don kuɗin mota. Mu rubuta ranar da yaro ya ji rauni, mu faɗa wa likita ko da shekaru sun wuce, domin ciwo yakan daina alhali saiwa ba ta warke ba. A taronku na gaba, ku karanta wa iyaye da malaman makaranta matakai huɗun nan na sama.