Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Baƙin Masu Zuba Jari Da Masu Ƙasa A Jihar Nasarawa

Lafia (NAN). Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa da hedikwatarta a Lafia, ake yi mata kirari da gidan ma'adinai. Akwai gishiri a Keana da Awe, akwai barait a Azara, ga kuma ƙasar noma mai albarka a gaɓar Kogin Binuwai. A 'yan shekarun nan wannan arziki ya jawo hankalin kamfanonin ƙetare. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar kamfanin Avatar na 'yan ƙasar Sin, wadda aka ce za ta iya sarrafa tan 4,000 a kullum na duwatsun litiyam, ma'adinin da ake yin batura da shi.

Sai dai duk baƙon da ya zo da jarinsa yakan tarar da ƙofofi uku a gabansa. Ta farko tana Abuja, domin tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa. Ta biyu tana Lafia, domin dokar mallakar filaye ta 1978 ta ba gwamna riƙon amanar filayen jiharsa. Ta uku kuwa tana ƙauye, wurin Alago da Eggon da Migili da Gwandara da Afo da sauran al'ummomin da suka gaji gonakin kaka da kakanni. Takarda tana buɗe biyun farko, amma ta ukun sai da amana.

Dokar haƙar ma'adinai ta 2007 ta san da haka. Ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Yarjejeniyar za ta taɓo tallafin karatu, da koyar da sana'a, da ɗaukar 'yan ƙasa aiki, da hanyoyi da ruwan sha da kiwon lafiya, sa'an nan a riƙa sake duba ta bayan kowace shekara 5. Haka nan dokar man fetur ta 2021 ta ware wa garuruwan da ake haƙo mai kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwar kamfani na shekarar da ta gabata. Wannan ma ya shafi jihar, tunda a shekarar 2023 kamfanin NNPC ya fara haƙar rijiyar neman mai a Ƙaramar Hukumar Obi.

Amma sa hannu daban, yarda daban. Gaisuwar fada wajibi ce, kuma babu mai hankalin da zai tsallake Sarkin Lafia ko Andoma na Doma ya shiga ƙasarsu. Duk da haka, wanda gonarsa za ta tafi shi ne manomi, wadda rafinta zai gurɓace ita ce macen da ke ɗebo ruwa, mai jiran aiki kuma saurayi ne. Idan aka ƙulla magana a ɗaki cikin Turanci, ba a karanta wa waɗannan a dandali da harshensu ba, to an shuka rigimar gobe.

Harkar noma ta nuna wata hanya. A Rukubi da ke Ƙaramar Hukumar Doma, kamfanin Olam mai hedikwata a Singafo ya kafa babbar gonar shinkafa, kuma a shekarar 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe injin casarta. Kamfanin ya haɗa da tsarin ba manoman kewaye iri da horo, sa'an nan ya sayi abin da suka girbe. Hikimar irin wannan tsari ita ce, manomi ya zama abokin ciniki mai rabo a cikin ribar, kuma kowace kaka akan gwada gaskiyar kowane ɓangare a kan sikeli.

Abin da rashin amana ke jawowa kuwa sananne ne. A shekarar 1993 kamfanin Shell ya dakatar da haƙo mai a ƙasar Ogoni sakamakon boren jama'a. A Ostareliya, a shekarar 2020, kamfanin Rio Tinto ya fasa kogunan Juukan, inda kakannin 'yan asalin ƙasar suka zauna tun kimanin shekara 46,000. Yana da izinin hukuma, amma fushin jama'a da na masu hannun jari ya sa shugabansa ya sauka.

Saboda haka, abin da ya kamaci mai zuba jari a Nasarawa a bayyane yake. Ya zauna da masu ƙasa tun kafin injinsa ya iso, ya biya diyyar gona hannu da hannu a gaban shaidu, ya buɗe ƙofar kai kuka, kada kuma ya yi alkawarin da ba zai iya cikawa ba, domin alkawari kaya ne. Ita kuma gwamnati a Lafia, aikinta ne ta tabbata kowane ƙauye yana riƙe da kofin yarjejeniyar da aka ƙulla da sunansa. (NAN)