PyYAML da adana bayanan bincike cikin Hausa

A cikin wannan takarda za mu duba yadda PyYAML ke sarrafa bayanan da muke tattarowa wajen binciken harshe. YAML tsari ne na rubuta bayanai ta yadda mutum da kwamfuta za su iya karanta su. Clark Evans ne ya gabatar da shi a 2001. PyYAML, wanda Kirill Simonov ya fitar a 2006, na yin aiki biyu cikin harshen Python: “dump” na mayar da bayanai rubutu, “load” na maido da su.

Mun lura da matsaloli ukku.

Na farko, harufa masu ƙugiya. In ba a sa “allow_unicode=True” ba, kalmar “ƙasa” za ta fito “\u0199asa”. Bayanin bai ɓace ba, amma ɗalibi ba ya iya karanta shi.

Na biyu, in aka rubuta 'yan da hannu, kamar yadda ake yi a Najeriya, YAML na ɗaukar alamar farko a matsayin buɗe zance. Harafin ƴ na rubutun Nijar ba ya haddasa wannan.

Na ukku, maimaita suna. Ana samun sunan Gangara a wuri fiye da ɗaya. In aka sa “Gangara” kan bayani sau ukku, PyYAML na riƙe na ƙarshe kaɗai, ba tare da gargaɗi ba.

Don haka muna ba da shawara a haɗa sunan gari da na departamansa, kuma a gwada abin da aka adana da abin da aka maido kafin a rufe aiki.