Ƙa'idojin da Kamfanonin Sadarwa Ke Gindayawa ga Mai Intanet a Gida

Bayan da aka fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya a shekarar 2001, hanyar da yawancin mutanen karkara ke samun intanet ita ce layin waya. A garuruwa irin su Anka da Gummi da Bukkuyum, idan aka ce mutum yana da intanet a gida, galibi ana nufin ya sayi wata 'yar na'ura da ake sa wa layi, ita kuma ta rarraba wa wayoyi da kwamfutocin gidan. To, sai dai biyan kuɗi bai ba shi ikon yin yadda ya ga dama ba.

Dalilin kamfanonin shi ne, kowane turken sadarwa yana da iyakar abin da zai iya ɗauka a lokaci guda, kuma duk masu layi a yankin da shi suka dogara. Kamar rijiyar unguwa ce: in mutum ɗaya ya kafa injin ban ruwa a bakinta, masu guga sai su koma gida da tulu ba ruwa. Saboda haka ake ƙayyade yawan data da kwanakin da za ta yi, misali kwana 30. Akwai kuma tsarin da ba ya buɗe komai sai WhatsApp ko Facebook.

Inda ɗalibin harshe ya kamata ya tsaya shi ne tsarin da ake tallatawa da sunan "mara iyaka". A Hausa, abin da ba shi da iyaka ba ya ƙarewa, ba ya raguwa. Amma a cikin sharuɗɗan akan rubuta cewa da zarar mai saye ya kai wani adadi, za a rage masa gudu. Layin bai yanke ba, don haka kamfani bai yi ƙarya a fili ba; amma malamin da ya saya don sauko da darussan bidiyo zai tarar hoton ya tsaya cak. A ganina, laifin ba a taƙaitawar yake ba. Laifin shi ne sharaɗin yana cikin Ingilishi, da ƙananan baƙaƙe, alhali tallar da babbar murya aka yi ta.

Ba a nan kaɗai ake wannan ja-in-ja ba. A Amurka, a 2007, an gano kamfanin Comcast yana rage gudun masu musayar manyan fayiloli ba tare da sanar da su ba, har hukumar sadarwar ƙasar ta tsawata masa a 2008. A Nijeriya kuwa, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, wadda dokar 2003 ta ƙarfafa, ita ce ke karɓar ƙorafin masu saye.

A lura, kada a haɗa wannan da abin da ya faru a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Wancan umarnin gwamnati ne, ya kuma shafi kowa, da wanda ya biya da wanda bai biya ba.